Shekarar da Tumbina Ya Haura Ƙirji

Akwai wata magana da ke yawo a gidan nan, ina so in kashe ta tun ina da sauran numfashi. Ran nan ina zaune a gindin darbejiya ina tsintar wake, sai na ji ɗaya daga cikin jikokina tana gaya wa ƙawarta wai Gwaggo Dije ce ta ɗaure wa Inna ciki da zane har tumbinta ya gudu ƙirji. Suka yi dariya, ba don mugunta ba. Ni dai ban yi ba. Yarinyar nan ko famfara ba ta yi ba lokacin da abin ya faru, ke nan a bakin manya ta tsinta, manyan kuwa ku ne. Shi ya sa na ajiye waken na ɗauko biro, tunda dai na yi shekaru ina koyar da 'ya'yan mutane rubutu, bai kamata nawa labarin ya lalace a bakin wasu ba.

Manyanku sun san ni a da, ba ƙaramar mace ba ce. Tun da na bar koyarwa a firamaren garin nan na zauna ina matsar man gyaɗa, jiki ya yi ta buɗewa, ina soya ƙuli ina ɗanɗanawa, kowa na cewa Malama hutu ya karɓe ta. A ƙauye ƙiba ai ado ce, har sai ranar da ta hana ka tashi. In na tsaya bakin titi, mai a-daidaita-sahu sai ya dube ni ya dubi tayarsa kafin ya tsaya. Ciwon suga ya zo, hawan jini ya biyo shi, gwiwoyi suka ce sun gaji. Gonar babanku da ke bayan darninmu, wadda ake jin tarin masu noma daga tsakar gida, na yi shekaru ban taka ta ba. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne salla a kan kujera. Goshina ya daɗe bai taɓa ƙasa ba, in na ga tsofaffin da suka girme ni suna sujada sai in ji hawaye.

Ɗana na fari, wanda kuke kira Yaya Babba, shi ya kawo maganar aiki. Ba zan rubuta sunansa ba, kun san ban taɓa faɗarsa ba, ba kuma yau zan fara ba. Yana kasuwancin yadi a birni, yana zuwa Misira, can ya ga wani abokinsa da aka rage wa tumbi ya dawo kamar saurayi. Ya sha kan babanku, ya sha kaina, ya kai ni Misirar. Likitoci suka yanke mafi yawan tumbin suka bar shi siriri, ba ya ɗaukar abin da ya wuce 'yan lomomi. Ina so ku riƙe wannan: aikin ya yi amfani. Suga ya sauka, na daina allura, gwiwoyina suka huta. Ranar da na fara sujada a kan tabarma na daɗe ban ɗago ba, har aka leƙo a ga ko lafiya. Wanda duk ya ce muku yayanku kuskure ya yi, ku ce masa ni mai cikin na ce alheri ya yi mini.

Wadda ta yi jinyata da na dawo ita ce Dije, 'yar kawuna, taubashiyata. Daga wani ƙauye take a ƙasar Kunci, mijinta ya rasu, Allah kuma bai ba ta haihuwa ba. Tun muna yara kowacce a cikinmu take cewa ɗayar ce baiwarta, kuma har yau ba a raba gardamar ba. Abin da ƙananan cikinku ba su sani ba, da aka yaye Yaya Babba gidanta aka kai shi, a bayanta ya yi wayo, a ɗakinta ya zauna har ya isa shiga makaranta. Ni na haife shi, amma kunyar ɗan fari ta hana ni ko dubansa sosai, ita ce ta san tuwon da yake so da wanda ba ya so. Da ta ji an dawo da ni, ta rufe ɗakinta, ta bar wa maƙwabta awakinta, ta iso da ƙullin kayanta a ka. Ta tsaya a ƙofar ɗaki ta ƙare mini kallo.

"To, baiwata, an ce an yanke miki rumbu an bar miki kurtu. Wa zai riƙa cinye mana ragowar tuwo yanzu?"

Na ce, "Ke da kika zo cin arziki, shigo ki ɗauke mini fo."

Haka muka yi watanni, tana dama mini kunu ruwa-ruwa tana ba ni da ƙaramin cokali, tana zagina ina ramawa. Jiki ya yi ta zubewa. Sai dai kitse ya tafi, fata ta ƙi binsa. Fatar cikina ta sauko kamar buhun da aka juye, in ina tafiya tana jan bayana, ƙarƙashinta kuma ya riƙa yin gumi yana saɓulewa. Wata safiya Dije ta gan ni na riƙe cikin da hannu biyu zan zaga bayi, sai ta ce:

"Ke ai maijego ce, rabin jikinki kika haifa. Yadda ake ɗaure wa maijego ciki ya koma, haka zan ɗaure miki."

Ta ɗauko wani tsohon zanen saƙi mai ƙarfi, ta naɗe mini shi daga mara zuwa ƙasan haƙarƙari, ta ja ta soke. Wallahi sai na ji kamar an sauke mini kaya. A ranar na taka har gona, na tarar da babanku yana watsa taki, ya saki kwandon yana salati. Daga nan kullum safiya bayan wanka sai ta ɗaura mini, kuma ni ce mai cewa ta ƙara ja. Babu wanda ya ga aibun abin a gidan nan. Matan yayyenku sun gani sun yaba, babanku ya ce Allah ya yi wa Dije albarka, shi kansa Yaya Babba ya zo ya gani ya ce na yi kyau.

Wajen faɗuwar damina ta shekara ta biyu abubuwa suka fara canzawa. Ƙwannafi ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba ko da goyon ciki. In na haɗiyi loma sai ta tsaya mini a tsakiyar ƙirji, ba ta yi gaba ba ta yi baya. In na kwanta, ruwa mai tsami ya taso har hanci. Mafi ciwo, da na sunkuya ruku'u sai abin da na sha ya dawo bakina, sujadar da na je har Misira nema ta soma gagarata. Muka ce olsa ce, domin a garin nan duk ciwon da ke tsakanin wuya da cibiya sunansa olsa. Na sha jar kanwa, na sha maganin kemis mai kama da nono, na daina yaji. Ban gaya wa Yaya Babba ba, don in ya zo gaisuwa daga bakin ƙofa yake tsugunawa, in amsa a taƙaice, haka muka saba.

Ranar cika-ciki abin ya fashe. Gero ya nuna, ana shirin girbi, gida ya cika da yara. An dafa wutsiyar ragon layya da aka ajiye, an yi tuwon dawa miyar kuka, kowa na cewa wanda bai ƙoshi yau ba da yunwa zai ƙare shekara. Ranar taubasai ce kuma, Dije ta sa ni gaba.

"Ci mana, baiwa. Ke da a da sai an ɓoye miki tukunya, yau kin zama amarya?"

Na yi dariya na ɗauki 'yar tsoka, na bi ta da loma biyu. Shi ke nan. Wani abu ya riƙe mini ƙirji kamar an dasa turmi, na yi ta yunƙurin amai babu abin da ke fitowa sai yawu, numfashi ya gagara, gumi ya wanke ni. Na ji muryar Dije tana kiran sunana na yanka, abin da ba ta taɓa yi ba, na san abin ya kai. Aka nemo mota aka yi birni da ni, kowa na cewa zuciya ce.

Ba zuciya ba ce. Bayan an sa mini ruwa na farfaɗo, aka zura mini kyamara ta baki, aka kuma ba ni wani farin ruwa mai kauri na sha ana ɗaukar hoto. Wani matashin likita ya zo ya yi mana bayani. Ya ce tsakanin ciki da ƙirji akwai wani shamaki na tsoka, yana da 'yar ƙofa wadda hanyar abinci take bi ta sauka. Tumbina da aka mayar siriri ya bi ta ƙofar nan ya haura, wani sashensa yana zaune a ƙirji kusa da huhu, ya lanƙwashe, shi ya sa abinci ba ya wucewa. Sai an yi wani aikin an jawo shi ƙasa, an tsuke ƙofar. Na ce a raina, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Yana duba ni sai ya ga shatin zane a jikina, ya tambaya, aka gaya masa. Ya ce a daina, matse ciki yana ƙara tura shi sama. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ni na ji da kunnena.

Aka sallame ni in je gida in ɗan yi ƙarfi kafin ranar aiki. A tsakar gidan nan, gaban mata da yara, Dije tana tace mini kunu, Yaya Babba ya shigo idonsa jawur. Na san abin da ke cinsa, gani yake shi ya kai ni aka yanka ni, kuma mutanen gari sun fara faɗa. Mutum in kaya ya yi masa nauyi, wanda ya fi kusa da shi yake jibga wa. Ya tsaya a kanta ya ce:

"Gwaggo, kin ji abin da likita ya ce? Da jahilcinki kin kusa kashe mana uwa. Da kin taɓa haihuwa da kin san zafinta."

Ina ɗaki ina ji, ba ni da muryar da zan ɗaga. Dije ta gama tace kunun, ta zuba a kofi, ta kawo mini, ta tsaya har na sha. Sannan ta ɗaure kayanta, ta fita titi ta hau acaɓa ana yayyafi. Magana zarar bunu ce, ta riga ta fita. Kuma ku da kuke tsaye a wurin, babu wanda ya bi ta ko zuwa zaure, ina faɗa ne don ku sani na lura, ba don in tayar da abin da ya wuce ba.

Da babanku ya dawo daga masallaci na ce ya zauna. Na ce masa ya gaya wa ɗansa, ba za a taɓa ni da wuƙa ba sai Dije na riƙe da hannuna. Ya yi ta lallashi.

"Haba Malama, rai ake magana. A yi aikin tukuna, in kin warke mu je mu ba ta haƙuri gaba ɗaya."

Na ce, "In na mutu a kan gadon nan fa, Malam? Ta ƙare rayuwarta ana nuna ta ana cewa ga wadda ta kashe 'yar'uwarta? Wa gare ta da zai tsaya mata?"

Ya san ba ta da kowa sai mu. Shi ya fara zuwa Kunci da kansa. Ta karɓe shi da girmamawa, ta ba shi fura, ta ce a gaishe ni, amma gyaɗarta ta isa cira, ba za ta samu zuwa ba. Yaya Babba kuwa ya ce taurin kai ne irin na tsofaffi, zan sauko. Bai san wadda ta haife shi ba. Ranar da aka sa mana ta zo ta wuce, aka ba wani gurbina. Ban ce muku dabara ce mai kyau ba, likitan ma ya yi faɗa sosai, kuma yana da gaskiya. A makonnin nan ko kunu da ƙyar yake wucewa, a zaune nake barci an tokare ni da matasai, na rame har zobena ya faɗi a cikin kwaryar wanka. Ruwan tsamin nan ya riƙa sarƙe ni yana shiga huhu, zazzaɓi ya rufe ni, aka sake kwantar da ni asibiti. Tarin nan da kuke ji ina yi duk sanyin safiya, wanda kuke cewa in sha zuma, a nan na samo shi, kuma da shi zan tafi. Na san abin da na saya, ban kuma yi da-na-sani ba.

Ganin an sa mini abin numfashi a hanci ne ya karya yayanku. Ya ɗauki mota shi kaɗai ya tafi. An ce a gona ya same ta tana cirar gyaɗa. Abin da suka faɗa wa juna ban sani ba, ban tambaya ba, kada ku ma ku tambaya. Na dai ga sun shigo ɗakin asibiti da la'asar, ita a gaba shi a baya ɗauke da ƙullin kayanta, farar shaddarsa duk ƙasa a gwiwoyi. Ta tsaya a bakin gado ta ce:

"Sannu, Hajiya. Ya jiki?"

Hajiya! Ni Dije take ce wa Hajiya. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Da huhun ya lafa aka sa sabuwar rana. Babbar likitar da za ta yi aikin ta zo duba ni, wata mace mai fara'a, tana magana a hankali. Na ce mata ina da tambaya, amma sai an kira mini mutum biyu. Aka shigo da Dije da Yaya Babba, na ce ta faɗa mini tsakaninta da Allah, zanen nan ne ya jawo?

Ta ce, "Mama, ba zan ce ya taimaka ba, kuma kada a sake. Amma wannan abu yana samun mutanen da aka yi wa irin aikinki a ko'ina, waɗanda ba su taɓa ɗaura komai ba. Mai yiwuwa ƙofar da ma tana da ɗan faɗi, kitse ne ya cike ta. Da kitsen ya narke, tumbi kuma ya zama siriri, sai ya samu hanya. Ba zan iya ɗora wa zane ba, ba zan ɗora wa wanda ya kai ki aikin farko ba."

Yaya Babba ya juya ya fuskanci bango. Dije ta ja gefen mayafi ta rufe fuska. Ni kuwa na ce alhamdu lillahi, yanzu ko an yanka ni ban tashi ba, na bar gida a daidai.

Na tashi. Ta 'yan ƙananan huji suka yi aikin, suka jawo tumbin suka mayar da shi mazauninsa, suka ɗinke ƙofar ta tsuke, suka kafe shi don kada ya sake yawo. Hannun Dije ne abu na ƙarshe da na riƙe kafin a tura ni, shi ne kuma na farko da na ji a goshina. Aka koma kunu da ƙaramin cokali. Kafin a gama sussukar dawa na fara cin tuwo mai laushi, na kuma koma sujada, a hankali, ba a kan cikakken ciki ba. Har yau ba na cin abinci in kwanta, kan gadona kuma a ɗage yake da bulo. Wannan ai ba komai ba ne. Na ga auren autana, na ga jikokin da ban zaci zan gani ba, ina zuwa gona da ƙafata. Allah ya saka wa likitocin nan, na can da na nan, ya saka wa babanku da ya yi ta zarya, ya yi wa ɗana na fari albarka, shi da ya san hanyar Kunci da kansa.

Sai dai Dije ba ta dawo yadda take ba nan da nan. Ta zauna tare da mu, Yaya Babba ya gina mata ɗakin da take ciki yanzu, duk abin da ya kawo mini sai ya kawo mata irinsa. Amma ta fi shekara tana ce mini Hajiya, tana yi mini sannu kamar baƙuwa. In na tsokane ta sai ta yi murmushi kawai. Na rasa yadda zan yi in nuna mata cewa ban taɓa zargin hannunta ba, don faɗa da baki na faɗa har na gaji.

Wata rana aka yi rasuwa a maƙwabta, muka dawo daga gaisuwa mu biyu ta hanyar gonaki, tana gaba ina binta. Sai na ce ta tsaya. Na ce, "Dije, ina da wasiyya. In na riga ki, ke za ki yi mini wanka. Ba surukaina ba, ba 'ya'yana mata ba, ke."

Ta daɗe tana kallon karan dawa. Can ta juyo ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta taɓe baki.

"Da wannan 'yan ƙasusuwan? Ai buta ɗaya ta ishe ni, baiwa. Da dai a da ne, sai an kira 'yan ga-ruwa."

Muka zauna a kan kunya muna dariya muna kuka, har wani mai jaki ya tsaya yana tambaya ko lafiya.

To, kun ji yadda aka yi. Wasiyyar nan tana nan, na faɗa wa babanku, ga shi na rubuta muku. Idon Dije ya yi rauni yanzu, hannunta yana rawa, za ku ga kamar ba za ta iya ba. Ku kawo mata kujera, ku riƙe mata butar, ku bar ta ta yi.